Habariyom: ɗakin da ake ajiye busasshiyar ciyawa kamar takardar fili

Duk mai ɗalibin kimiyyar tsirrai a gida, a nan Bauchi ko Gombe, wataƙila ya taɓa jin kalmar habariyom, galibi lokacin da yaro ya kwashe tsofaffin jaridun gidan kaf. Ma'anarta wurin adana tsirrai da aka danne, aka busar, aka manna a takarda mai kauri. Tarin tsirran ma sunansa ke nan.

Mu ɗauki gamba, wadda ake saƙa zana da ita, masana kuma suke kira Andropogon gayanus. Ba a tsinko ganye kawai a ce an gama, domin ganyen ciyayi kamarsu ɗaya. Sai a jira ƙarshen damina ta fitar da kai, a tono ta har saiwa, a kakkaɓe ƙasar. Da yake takan fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, sai a lanƙwasa karan biyu ko uku, a shimfiɗa cikin jarida, a matse tsakanin katako biyu. Kullum ana sauya jaridar, in ba haka ba ta yi fumfuna, wahala ta tashi a banza.

Darajar abin tana ga ƴar takardar da ake liƙawa a gefe: inda aka samo, kwanan wata, irin ƙasar wurin, wanda ya ɗebo, da sunan da mutanen yankin ke kiranta. Idan an rubuta cewa kusa da Yankari aka ciro ta, bayan shekara 50 mai bincike zai iya komawa ya duba ko tana nan ko gonaki sun cinye wurin. Ni a ganina, ɗalibin da ya bar gurbin sunan Hausa ko na Fulatanci fayau ya yi rabin aiki ne, alhali makiyayin da zai faɗa masa yana tsaye a gefensa.

Habariyom na lambun binciken tsirrai na Kew a Ingila yana da samfuri sama da miliyan 7. A Najeriya akwai babba a Ibadan, a cibiyar binciken gandun daji, akwai kuma na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Babban abokin gabarsu ƙwari ne, shi ya sa ake fara sanya sabon samfuri a firiza kafin ya shiga kabad.

Gambar nan har Ostireliya an kai ta don kiwo a shekarun 1930, yau ta zame musu alaƙaƙai, tana rura gobarar daji. Can ma gamba suke ce mata.