Ma'anar kalma: mene ne "ecin"?

Duk wanda ya taɓa cinikin faifan sola a Sabon Gari ya ji ɗan kasuwa yana tambaya: "Alhaji, mono kake so ko foli?" Mono baƙi ne wuluk, foli kuwa shuɗi-shuɗi ne da walƙiya kamar fasasshen gilashi. Wani ɓangare na baƙin mono daga ecin ya samo asali.

Ecin shi ne a sa sinadari ya ci fuskar abu da gangan, kuma da ƙa'ida. Abin da ake bai wa sinadarin ya ci a nan kiristal ne, wato abin da ƙwayoyinsa suke jere sahu-sahu, irin gishiri, alif ko silikon, wanda da shi ake yin faifan sola. Mai faskare ya san itace yana da inda yake tsagewa. Haka kiristal yake: wata fuskar tana saurin ciyuwa, wata kuma taurin kai gare ta.

A 1839 wani Bature ɗan Birtaniya, William Miller, ya fito da tsarin kiran fuskokin da lambobi, irin su 100 da 111. In aka tsoma silikon cikin ruwan soda mai ɗumi, wannan dai kostik soda da matanmu ke haɗa sabulu da ita, sai ta cinye fuskar 100 da sauri, ta kusa ƙyale 111. Abin da ya rage ƙananan dala ne birjik, gefensu a karkace da digiri 54.7. Hasken da ya faɗa tsakaninsu ba ya tserewa da sauƙi, shi ya sa faifan yake yin duhu. Foli ba ya samun wannan gatan, don shi tarin ƙananan kiristal ne, kowanne da inda ya sa gaba, sai a yi masa da asid.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne yadda ramin da ecin ke bari a fuskar kiristal yake tona asiri. A ɗiga sinadari, a wanke, a leƙa ta madubin ƙara girma. Rami mai kusurwa huɗu, fuskar 100 ce. Mai kusurwa uku, 111 ce. In ramukan sun yi cincirindo wuri guda, to akwai aibi a jerin ƙwayoyin.

Hoton eksire ya fi wannan daidaito, tun gwajin da masanin kimiyya Max von Laue ya jagoranta a 1912, sai dai na'urarsa akwai tsada, shi kuwa ecin aibinsa shi ne yana ɓata fuskar da ya ci.