Waiwaye: Asalin jayayya kan manyan layukan wuta a gefen Accra

A unguwannin gefen Accra, babban birnin Ghana, irin su Pokuase da Amasaman da Kasoa da Ashaiman, da zarar an ga ma'auna sun zo suna kakkafa alamu a filaye, aka kuma ji cewa babban layin wuta za a ja, to barci ya ƙaurace wa masu gidaje. Daga ƙofar masallaci har gidan ɗan asambuli, wato wakilin unguwa a majalisar ƙaramar hukuma, maganar ɗaya ce: ta ina zai bi, gidan wa zai ci, kuma kafin rusau za a biya ko sai bayansa? Wasu na kiran wannan ƙin ci gaba. Ni ban yarda ba. Babu wanda ya fi mai walda da tela da mai sayar da ruwan sanyi son wuta. Abin da ke tayar wa mutane da hankali shi ne abin da suka ga ya sami waɗanda suka riga su.

Tushen abin yana Akosombo. A 1961 aka kafa hukumar VRA domin gina madatsar ruwan kogin Volta, Kwame Nkrumah kuma ya buɗe madatsar a watan Janairun 1966. Tafkin da ya taru ya tashi mutane kusan 80,000, aka zaunar da su a sababbin garuruwa 52. An shafe shekaru ana kuka kan ƙanƙantar gidajen da ƙarancin gonaki da diyyar da ta ƙi zuwa, kuma da yawa daga garuruwan sun daɗe a cikin duhu alhali da tashinsu aka samu wutar. Tun daga lokacin, alƙawarin hukuma a kan ƙasa bai cika kwantar wa talaka da rai ba.

Layukan farko masu ƙarfin kilobolt 161 sun taso daga Akosombo zuwa Tema, inda masana'antar alminiyon ta VALCO take, suka wuce Accra da Takoradi da Kumasi. Daji da gonaki suka ratsa. Madina kanta a 1959 aka kafa ta, a lokacin tana can bayan gari. A 1967 aka yi dokar kare hanyar layin, aka gyara ta a 2004. A yau faɗin da aka keɓe wa layin 161 mita 30 ne, na 330 kuma mita 40, rabi a kowane ɓangare, ba gini, ba haƙa, ba dogayen bishiyoyi.

Sai gari ya bi layin ya cim masa. Ƙidayar 2000 ta ba yankin Greater Accra mutum miliyan 2.9, ta 2010 miliyan 4, ta 2021 kuma sama da miliyan 5.4. Mu mutanen zongo mun san yadda hakan ya faru, domin da mu aka yi. Nima da Maamobi da Sabon Zongo sun cika, mai gida na neman kuɗin hayar shekara biyu a dunƙule, saboda haka duk wanda Allah ya hore masa sai ya nufi gefen gari ya sayi fili, ya riƙa ɗora bulo kaɗan-kaɗan har ɗaki ya tashi. Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Ghana a hannun sarakuna da iyalai take, a nan kuma matsala ke shigowa: fili ɗaya a sayar wa mutum biyu, ƴan daban tsaron fili su hana gini, wani kuma a sayar masa da hanyar layi da araha bai sani ba, ko ya sani ya kau da kai. A ƙarƙashin wayoyin da ake kira hai tenshan yanzu za ka ga garejin makanikai da wurin buga bulo da shagunan kwantena, har da ɗakunan kwana. A wannan kam hukuma na da gaskiya. Wutar irin wannan layi ba sai an taɓa waya take kamawa ba. Rodi ko bayan tifa ya matso kusa kawai, sai ta yi tsalle.

Buƙatar sababbin layuka ma gaskiya ce. An kafa kamfanin GRIDCo a 2006, ya fara aiki a 2008, ya karɓi manyan layuka daga VRA, kamfanin ECG kuma ke raba wuta zuwa gidaje a kudancin ƙasar. Wanda ya sha dumsor, wato yawan ɗauke wuta, tsakanin 2012 da 2016 ba ya buƙatar a gaya masa asarar rashin wuta. Bayan an ƙara tashoshi, sai aka ga ko an samar da wutar, tsofaffin wayoyi ba sa iya kai ta yadda ya kamata. Shi ya sa aka gina babbar tashar Pokuase a kan layin 330 da ya taso daga Aboadze zuwa Tema, aka buɗe ta a 2021, ta Kasoa ta biyo baya a 2022, duka da tallafin Amurka.

Tsoron ciwo na daga cikin abin da ake yawan faɗa a taro, musamman daga bakin iyaye mata. Ba a banza ya samo asali ba. Wani bincike a birnin Denver na Amurka a 1979 ya nuna alamar alaƙa tsakanin zama kusa da wayoyin wuta da sankarar yara. A 2002 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa irin wannan maganaɗisu a jerin abubuwan da ke da yiwuwar haddasa cutar, a 2007 kuma hukumar ta ce hujjar ba ta kai a ce shi ne sanadi ba. Injiniya ya zauna ya bayyana wannan da Hausa ko Tuwi ko Ga ya fi ya ce wa uwa kawai babu komai.

Amma ƙashin bayan rikicin diyya ce. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1992 ya ce in gwamnati za ta karɓi dukiyar mutum, sai da diyya mai adalci, isasshiya, a kan lokaci, kuma yana da damar zuwa babbar kotu. Dokar filaye ta 2020 ta ƙara jaddada hakan. Wajen aiki ne ake samun tangarɗa. A ƙiyasta gida yau, kuɗi ya fito bayan shekaru, alhali a Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari. Abin da zai gina gida a da, yanzu siminti da kwano kawai zai saya. Wanda takardarsa ta tsaya a hannun mai sayarwa, bai yi rajista a Hukumar Filaye ba, sai ya tarar wani ne ke neman kuɗin. Ɗan haya da mai shago a bakin hanya su ne aka fi mantawa da su. Shi kuwa maƙwabcin da layin bai ci gidansa ba, ya wayi gari da turken ƙarfe a bayan katanga, darajar gidansa ta faɗi, ba shi da ko sisi.

Dokar tantance illar aiki ga muhalli ta 1999 ta tanadi jin ra'ayin jama'a a manyan ayyuka. Sai dai sanarwa a jaridar Turanci da taron safiyar ranar aiki ba sa isa ga direban motar haya ta trotro ko mai kaya a kasuwa. In aka kira mutane bayan an gama zana hanya, taron ya zama na sanarwa kawai. Akan nemi a binne waya a ƙasa, wanda kuɗinsa ya ninka na sama sau da yawa, kuma a ƙarshe masu biyan kuɗin wuta ne za su ɗauka. Akwai wata hanyar, wato ƙara wa tsohon layi ƙarfi a kan hanyarsa ta da, kamar yadda aka yi tsakanin Tema da Achimota da Mallam. Ba ko'ina hakan ke yiwuwa ba, amma ya kamata a nuna wa jama'a an duba shi.

Abin da nake so sarakunan zongo da limamai su tsaya a kai shi ne a kafa taswirar hanyar layi a ofishin asambuli tun kafin ma'auna su shigo, a rubuta sunan ɗan haya tare da na mai gida, a kuma biya kafin a taɓa bulo ɗaya. Mai shirin sayen fili a gefen gari kuma ya fara bincike a Hukumar Filaye, ya tambayi GRIDCo, sannan ya auna tazararsa da turke mafi kusa kafin ya miƙa kuɗi.