Wai mene ne difarenshiyal ikweshan ɗin nan da 'yan jami'a ke kuka da shi?

Ƙanina ya dawo hutu daga jami'ar Dutse, kullum yana gindin darbejiya da waya a hannu yana cewa difarenshiyal ikweshan zai kashe shi, har Inna ta ja ni gefe tana tambaya ko wata cuta ce kuma ta shigo. To ba cuta ba ce, lissafi ne, lissafin yadda abu ke canzawa.

A sakandare x ake nema, lamba ɗaya, ka samo ta shi ke nan. Nan kuwa saurin canzawar abu za a ba ka, kai kuma ka gano yadda abin zai kasance a kowane lokaci. Je ka teburin mai shayi da asuba cikin hunturu, an miƙo maka shayi mai zafin digiri 90, iskar gari tana 20, tazara 70 ke nan. Da farko hucewa yake da gudu, amma yana matsowa kusa da sanyin gari sai ya dinga jan ƙafa, don saurin hucewar ya danganta ne da tazarar da ta rage. In a minti 5 tazarar ta rabu biyu shayin ya koma 55, to minti 5 na gaba ba 20 zai sauka ba, 37 da rabi zai kai. Ƙa'idar Newton masanin kimiyya ɗan Ingila ke nan, shi da Leibniz ɗan Jamus suka kafa tushen wannan lissafi wajen ƙarshen shekarun 1600. Tankin burtsatse ma yana da tasa ƙa'idar, in ya cika famfo na feshi, in ya yi ƙasa sai layin jarkoki ya ƙi tafiya.

Batun wayar kuwa, akwai manhajojin da ke yin aljabara da kansu, ba irin kalkuleta ba da sai lamba, su da x da y suke aiki. Maxima kyauta ce, daga wata tsohuwar manhaja Macsyma ta fito wadda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1968, Maple da Mathematica kam sai da kuɗi. Mu 'yan ƙauye GeoGebra ce tamu, wadda Markus Hohenwarter ya fara a 2001, don tana hawa waya kuma in ka sauke ta ba sai da data ba. Ka rubuta ikweshan ta zana maka layi, ka ja ɗan maɓalli da yatsa ka mayar da iskar gari 40 kamar tsakiyar bazara, nan take layin ya kwanta, shayin ya ƙi hucewa da wuri. Ni a ganina da wannan zanen ya kamata malamai su fara kafin haddar hanyoyin warwarewa, wallahi da mun samu haka a lokacinmu da ba mu sha wuya ba.

Sai dai fa manhajar ba za ta kalli kofin shayi ta rubuta maka ikweshan ba, kai za ka rubuta, kuma ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya. Shekaranjiya na ce wa yaron ya rubuto min na tankin unguwarmu da biro, har yanzu yana gindin darbejiyar.