Macijin Sassaƙa na Al'ummar Baga

A-Mantsho-ña-Tshol, wanda ake kuma kira Bansonyi, dogon gunki ne mai siffar maciji da al'ummar Baga ke sassaƙawa. Baga manoman shinkafa ne da ke zaune a fadamun bakin tekun ƙasar Gini, musamman yankin Boke. Maƙwabtansu Nalu da Landuma ma sun san irin wannan sassaƙa.

Daga itace guda ake fitar da shi, tsayinsa kan kai mita 2, wani ma ya wuce. Yana tsaye ne, jikinsa na lanƙwasa kamar mesa ta miƙe, kansa ƙarami da manyan idanu. Ana yi masa zane mai kusurwa huɗu da ja da fari da baƙi tun daga wuya har gindi. A imanin Baga na da, yana wakiltar Ninkinanka, aljanin maciji na ruwa da ake dangantawa da bakan gizo, da ruwan sama, da arziki.

A da, babban aikinsa yana wajen bikin shigar da samari sahun manya, lokacin da ake keɓe su a kurmin tsafi. Macijin ne mai tsaronsu daga mayu da sauran abin ƙi. Ƙaƙƙarfan namiji ke ɗaukarsa a ka, bisa wani ƙwarangwal na sanduna da aka lulluɓe da zare-zaren tukurwa da ƙyallaye, har mai ɗaukar ya ɓace ɗungurungum. Sau da yawa biyu ke fitowa, kowanne na ɓangare ɗaya na gari, su yi ta rawa suna gwada ƙarfi, jama'ar kowane ɓangare na zuga nasu. Duk gwanintar tana nan: a juya, a sunkuya, a miƙe da wannan dogon itace ba tare da ya faɗi ba. Wanda ya gan shi kafe a gidan tarihi bai ga rabin abin ba.

A 1956 da 1957 wani mai wa'azin Musulunci, Asekou Sayon, ya zagaya ƙauyukan Baga yana sa a fito da kayan tsafi, aka sare kurmi da dama. Bayan 'yancin kai a 1958, gwamnatin Sekou Toure ta ci gaba da yaƙar irin waɗannan al'adu. A wannan tsakanin ne dillalan Turawa suka kwashe macizan da yawa, shi ya sa yau ake ganinsu a gidajen tarihi na Faransa da Amurka, ciki har da Metropolitan na birnin New York.