Chris Horner da gasar Vuelta a España ta 2013

Christopher Horner ɗan tseren keke ne na Amurka wanda ya lashe gasar Vuelta a España ta ƙasar Sifaniya a 2013, yana da shekara 41 da kwana 327. Vuelta ɗaya ce daga cikin manyan gasannin keke uku da ake shafe mako uku ana yi, sauran biyun su ne Tour de France ta Faransa da Giro d'Italia ta Italiya. Har yanzu ba a sami wanda ya ci ɗaya daga cikin ukun nan da shekarun da suka kai nasa ba. Wanda ke riƙe da wannan matsayi kafinsa shi ne Firmin Lambot, ɗan Beljiyam, da ya ci Tour de France a 1922 yana da shekara 36. Horner ne kuma Ba'amurke na farko da ya ci Vuelta.

Tasowarsa da sana'arsa

An haifi Horner ranar 23 ga Oktoba 1971 a tsibirin Okinawa na Japan, ya girma a jihar Kalifoniya. Ya zama ƙwararren ɗan tsere a 1995, ya tafi Faransa a 1997 ya shiga ƙungiyar Française des Jeux, amma zaman bai yi masa daɗi ba, bayan shekara uku ya koma gida. A Amurka ya yi tashe sosai, sai dai gasannin can ba su da nauyin na Turai a idon masu bibiyar wasan. A 2005 ya sake komawa Turai da ƙungiyar Saunier Duval, kuma a shekarar ne ya fara shiga Tour de France, yana da shekara 33, lokacin da wasu sa'o'insa ke shirin ajiye keke.

Yawancin shekarun da suka biyo baya ya yi su ne yana yi wa wasu hidima. A tseren keke kowace ƙungiya tana da jagora ɗaya da ake so ya ci, sauran kuwa aikinsu tare masa iska, ɗauko masa ruwa daga motar ƙungiya, da jan sa har gindin dutse. Horner ya yi wa ɗan tseren Ostireliya Cadel Evans wannan aiki a ƙungiyar Lotto, daga baya ya koma Astana da RadioShack. Nasarorinsa na kansa a makare suka zo: gasar yankin Basque a 2010, da gasar Kalifoniya a 2011 yana da shekara 39.

Abin da ake tsammani kafin gasar

Babu wanda ya sa shi a sahun masu iya ci. Ciwon gwiwa ya hana shi tsere na watanni a 2013, har aka yi masa aiki, bai kuma shiga Tour de France ba. A watan Agusta ya dawo a gasar jihar Utah, ya ci zango ɗaya ya zo na biyu a jimla. Idon jama'a yana kan Vincenzo Nibali na Italiya, wanda ya ci Giro a watan Mayun shekarar kuma ya taɓa cin Vuelta a 2010, sai 'yan gida biyu, Alejandro Valverde da Joaquim Rodríguez.

Masu shakkar tsofaffi a irin wannan gasa suna da hujja. Zango 21 ne ake yi cikin mako uku, hutun kwana biyu kacal, kuma abin da shekaru ke fara cinyewa shi ne saurin murmurewar jiki daga wahalar jiya. Tsohon ɗan tsere yana iya burge mutane rana ɗaya, a mako na uku ne asirinsa kan tonu. Sai dai abubuwa biyu sun faɗo wa Horner daidai, kuma ba a ba su muhimmancin da ya kamata ba a lokacin. Valverde da Rodríguez sun fito daga Tour de France da gajiyarta a ƙafa, Nibali ya riga ya ƙona ƙarfinsa a Giro, shi kuwa jinyar gwiwa ta tilasta masa hutu. Sannan tsarin hanyar shekarar cike yake da zanguna masu ƙarewa a kan tudu, fiye da goma, tseren da kowa ke yi shi kaɗai da agogo kuwa guda ɗaya ne, ƙasa da kilomita 40. A wannan nau'in ne Horner yake da rauni.

Yadda gasar ta gudana

An fara ranar 24 ga Agusta a yankin Galicia. A zango na 3 Horner ya ɓalle a hawan Mirador de Lobeira ya ci, ya kuma karɓi jar riga, wadda ita ce alamar mai jagorancin gasar. Washegari Nibali ya ƙwace ta. Mutane da yawa sun ɗauka iyakarsa ke nan.

A zango na 10, a hawan Alto de Hazallanas kusa da Granada, ya bar Nibali da daƙiƙa 48 ya sake sa rigar. Salon hawansa ya ja hankali a ranar. Galibin masu hawan dutse a zaune suke taka feda, sai lokaci lokaci su miƙe, shi kuwa a tsaye yake yin kilomita bayan kilomita, keken yana rangaji dama da hagu a ƙarƙashinsa, bakinsa a buɗe har mai kallo ya kasa bambance murmushi da azaba. A tseren agogo na Tarazona, zango na 11, Nibali ya rama ya karɓe rigar.

Daga nan aka shiga ragin daƙiƙoƙi kaɗan kaɗan. Bayan zangon Andorra, inda sanyi da ruwan sama suka fitar da 'yan tsere da dama har da fitaccen ɗan tseren Italiya Ivan Basso, tazarar da Nibali ya ba Horner tana daƙiƙa 50. A Formigal ta koma 28. A Peña Cabarga, zango na 18, ta rage saura 3. Washegari a Alto del Naranco Horner ya wuce gaba, shi ma da daƙiƙa 3.

Saura Angliru, dutsen yankin Asturias mai kimanin kilomita 12, wanda tsininsa ya haura kashi 23 cikin ɗari a wurin da ake kira Cueña les Cabres. Hazo ya rufe saman dutsen a ranar, 'yan kallo sun cika hanya. Nibali bai yi ƙasa a gwiwa ba, ya yi ta kai farmaki sau da yawa, kowane karo Horner ya biyo shi a hankali ya cim masa. Kusa da ƙarshe ƙarfin Nibali ya ƙare, Horner ya tafi ya bar shi. Matashin Bafaranshe Kenny Elissonde ne ya ci zangon, Horner na biyu. Ranar 15 ga Satumba aka kammala a Madrid, Nibali na biyu da tazarar daƙiƙa 37, Valverde na uku. Wannan artabu na Angliru yana cikin mafi kyawun da Vuelta ta gani a zamanin nan, kuma rabin darajarsa ta Nibali ce, wanda ya gwammace ya ƙare a gajiye da ya zauna ya kare matsayi na biyu.

Shakku da abin da ya biyo baya

Nasarar ta zo ne watanni kaɗan bayan Lance Armstrong, shahararren ɗan tseren keke na Amurka, ya amsa cewa ya yi amfani da abubuwan ƙara kuzari, kuma Horner ya zauna ƙungiya ɗaya da shi a Astana da RadioShack. Dole a yi tambaya. Washegarin kammala gasar masu gwajin abubuwan ƙara kuzari sun neme shi a otal ba su same shi ba, amma hukumar yaƙi da wannan maguɗi ta Amurka ta bayyana cewa ya sanar da sauya masauki tun da wuri, ba laifinsa ba ne. A watan ya wallafa sakamakon gwajin jininsa na shekaru da dama, masana suka yi ta muhawara a kai. Ba a taɓa kama shi da laifi ba, nasarar kuma tana nan da sunansa.

Duk da haka manyan ƙungiyoyi sun ja baya da shi. Sai a farkon 2014 ya sami wuri a Lampre ta Italiya. A watan Afrilu mota ta buge shi yana atisaye kusa da tafkin Como, ya karye a haƙarƙari, huhunsa ya huje. Ya warke ya zo na 17 a Tour de France, amma bai sami damar kare kambunsa a Vuelta ba, domin gwaji ya nuna ƙarancin sinadarin kotisol a jikinsa, dokar da ƙungiyarsa ke bi kuma ta hana mai irin wannan sakamako shiga tsere. Daga 2015 ya koma ƙananan ƙungiyoyin Amurka, daga baya ya zama mai sharhin tsere a talabijin da YouTube.

Wasu tsofaffin sun matso kusa bayansa. Valverde ya zo na biyu a Vuelta ta 2019 yana da shekara 39. Geraint Thomas na Birtaniya, mai shekara 37, ya riƙe jagorancin Giro ta 2023 har zuwa ranar kusa da ƙarshe, inda Primož Roglič ya ƙwace gasar daga hannunsa a tseren agogo na Monte Lussari da daƙiƙa 14.