Yadda aka gano dangantakar Turanci da Jamusanci da Latin

Duk wanda ya iya Turanci ya zo ya leƙa Jamusanci ko yaren Holand zai yi ta cin karo da kalmomin da ya sani, hannu dai hand ne a Ingila da Jamus da Holand har da Sweden, haka ma arm, kuma winter rubutunsa ɗaya a Turanci da Jamusanci da yaren Holand. Da yawa sai su ɗauka wani ne ya kwafi wani, alhali gado suka ci daga kaka ɗaya. Ai su Angles da Saxons, ƙabilun da Turanci ya samo asali daga harshensu, waɗanda suka tsallaka Birtaniya a ƙarni na 5 daga arewacin Jamus da Denmark suka taso, da harshensu a baki suka je.

Binciken ya kankama ne a 1786, lokacin da William Jones, wani alƙali ɗan Birtaniya da ke aiki a Kalkata ta Indiya, ya ce kamar da ke tsakanin Sanskrit, tsohon harshen Indiya, da Girkanci da Latin, harshen tsoffin Rumawa, ta wuce a ce dacewa ce kawai, dole tushensu ɗaya. To amma faɗa daban, hujja daban. Rasmus Rask ɗan Denmark a 1818, sannan Jacob Grimm na Jamus a 1822, su suka nuna cewa sautuka ba da ka suke canzawa ba, suna da ƙa'ida. Inda Latin ke da p sai ka samu f a harsunan dangin Jamusanci, waɗanda Turanci ke cikinsu, shi ya sa pater ya dace da father, piscis da fish. Inda ake da sautin k sai ya koma h, cornu da horn kenan, d kuma ya zama t, decem da ten. Daga baya Jamusanci ya ƙara nasa canjin shi kaɗai, water ta zama Wasser, apple ta zama Apfel, su kuwa 'yan Holand suna nan da water da appel ɗinsu.

Nan ne fa abin ya fi burge ni, domin ƙa'idar nan tana haɗa waɗanda ba su yi kama ba kuma tana raba waɗanda ido ke rantsewa 'yan uwa ne. Dubi have ta Turanci da haben ta Jamusanci, ga habere ta Latin ma'ana kusan ɗaya, kowa zai ce uwa ɗaya uba ɗaya, amma ina, kama da wane ba ta wane. Tunda h ɗin Jamusanci daga k ya fito, 'yar uwar have ta gaskiya a Latin ita ce capere, wato kamawa. Ko kalmomin da suka ƙi bin ƙa'idar Grimm ba a kau da kai an bar su ba, Karl Verner ne ya nuna a 1877 cewa wurin da nauyin murya ke faɗawa a tsohuwar kalmar shi ke jawo bambancin.

Sai kuma aro, wanda shi hanyarsa daban. Vikings, mahara daga yankin Denmark da Norway, sun bar wa Turanci sky da egg har da they, bayan Normans, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066 kuma kalmomin Faransanci suka kwararo ba adadi. Sugar ta Turanci da Zucker ta Jamusanci da sucre ta Faransanci duk ta hannun Larabawa suka shiga Turai daga sukkar, wadda mu ma muka samu sukari daga gare ta.

Wani lokaci kuma tushen ɗaya ne, rubutun ɗaya, ma'anar ce ta yi hannun riga. Gift kyauta ce a Turanci, a Jamusanci kuwa guba ce, don daga abin da aka bayar ta koma awon maganin da ake ba mutum, daga nan ta zarce guba. Tsohuwar ma'anar tana nan a Mitgift, dukiyar da amarya ke tafiya da ita gidan miji, a Sweden kuma gift ɗin nan tana nufin guba tana kuma nufin mai aure.