Waiwaye: daga dalar gyaɗa zuwa gangar mai, wa ke biyan malamin firamare?

Duk sanda aka naɗa sabon ministan ilimi a Najeriya sai ka ji an taso da maganar gyaran makarantu, wannan ya ce a sake manhaja wancan ya ce a sake tsarin shekaru, ko a watan Fabrairun 2025 ma haka aka yi ta muhawara da minista Tunji Alausa ya kawo shawarar a haɗe firamare da sakandare su zama karatun shekara 12 a jere. Ni dai abin da ke damuna ba sunan tsarin ba ne, kuɗin ne. Daga ina zai fito, kuma zai ci gaba da fitowa duk wata? Domin in ka bi tarihin karatun boko a ƙasar nan tun kafin samun mulkin kai za ka ga kusan duk wani babban yunƙuri da aka yi ya zo ne lokacin da kayan da muke sayar wa Turawa suka yi tsada, kuma ranar da farashi ya faɗi a ranar yunƙurin ke fara tangal-tangal.

Tun kafin a san da man fetur haka abin yake. Turawan mulkin mallaka sun kafa hukumomin sayen amfanin gona a ƙarshen shekarun 1940, su sayi koko da gyaɗa da auduga da manja a hannun manomi da araha su sayar a waje da tsada, rarar kuma a ajiye wai don ranar da kasuwa ta faɗi. A 1954 aka raba hukumomin nan kowace jiha ta riƙe tata, to nan fa 'yan siyasa suka samu rumbu. A jihar Yamma Awolowo ya fara ilimin firamare kyauta a Janairun 1955, yaran da ke makaranta suka tashi daga wajen dubu 457 zuwa sama da dubu 800 a shekara ɗaya. Mutane na yawan cewa kuɗin koko ne ya yi wannan, gaskiya ne, amma ana mantawa cewa sai da ya ƙara wa mutanensa haraji saboda ilimi da lafiya, har abin ya ja wa jam'iyyarsa baƙin jini a zaɓen tarayya na 1954. Jihar Gabas ta kwaikwaya a 1957 ba tare da irin wannan shiri ba, shekara ɗaya kawai aka yi kuɗi suka gaza aka dawo da kuɗin makaranta a 1958, mata suka fito zanga-zanga.

A Arewa kuwa Sardauna bai yi shelar ilimi kyauta ga kowa irin na Yamma ba, shi hankalinsa ya fi karkata ga samar da malamai da ma'aikata tukunna, saboda ko an gina ajujuwa babu wanda zai shiga ya koyar. Gyaɗa da auduga da fata da kuzar Jos su ne ƙashin bayan gwamnatinsa, da harajin talakawa da jangali da En'e ke karɓa, da irin wannan kuɗi aka yi kwalejojin horon malamai aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A lokacin tsarin mulki ya ba kowace jiha rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙo a ƙasarta, harajin fitar da amfanin gona kuma yana komawa inda aka noma shi, wato manomin gyaɗa na Gumel ko na Ƙaura Namoda da guminsa ake biyan malami, kuma ya san haka.

Sai mai ya zo. An gano shi a Oloibiri da ke yankin Neja Delta a 1956 aka fara fitarwa a 1958, amma sai bayan yaƙin basasa ya zama abin da ya zama. Najeriya ta shiga OPEC a 1971, sannan yaƙin Larabawa da Isra'ila na 1973 ya sa ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12 cikin 'yan watanni. A daidai wannan lokacin ne kuma fari ya afka wa Arewa, cutar gyaɗa ta 1975 ta zo ta ƙarasa abin da ya rage, dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Daga nan kuɗi suka daina taruwa a Kaduna da Ibadan da Inugu suka koma hannun gwamnatin tarayya a Legas, jihohi suka zama masu jiran rabo duk wata, har yau kuma a haka muke.

Gowon ne ya yi alkawarin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro a 1974, Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Satumbar 1976, shi ne UPE ɗin nan da iyayenmu ke ba da labari. Bai kamata a raina shi ba, wallahi akwai ƙauyuka da yawa a Arewa da ba su taɓa ganin ajin boko ba sai a sanadinsa, kuma da yawan manyan da ake ji da su yanzu 'yan UPE ne. Amma lissafin ya ƙwace tun ranar farko. An yi shirin yara miliyan 2.3 za su shiga aji ɗaya sai ga wajen miliyan 3, yawan 'yan firamare ya tashi daga wajen miliyan 6 zuwa sama da miliyan 8 a shekara guda, kafin 1980 ya haura miliyan 12. Malamai ba su isa ba, aka dinga horon gaggawa ana ɗaukar duk wanda ya ɗan iya karatu, aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 don cike giɓin, 'yan kwangila suka karɓi kuɗin ajujuwa wasu suka gina wasu suka gudu, yara na karatu a gindin bishiya. Kuma duk a cikin wannan zumuɗi ne aka yi wa ma'aikatan gwamnati ƙarin albashin nan na kwamitin Udoji, aka yi odar siminti har jiragen ruwa ɗaruruwa suka toshe tashar Legas, aka buɗe sabbin jami'o'i bakwai a 1975 ciki har da na Sakkwato da Maiduguri da Jos da Kano.

Ga inda matsalar take, kuma nan nake so a tsaya a duba da kyau. Kuɗin mai kamar ruwan kwazari suke, su zo da ƙarfi su wuce. Ita kuma makaranta ba gini ba ce da za a yi sau ɗaya a gama, albashi ne duk ƙarshen wata har tsawon shekarun aikin malami sannan fansho, ga alli ga littafi ga gyaran rufin da iska ta yaye, kuma yaron da ka saka aji ɗaya bana sai ka riƙe shi shekara shida ko ganga na dala 40 ko tana dala 10. Wanda ya ɗora nauyin da ba ya raguwa a kan kuɗin da ke hawa da sauka, to ranar sauka dole wani ya ji a jikinsa, kuma a ƙasar nan malamin firamare ne ke fara ji.

Alamar farko ta bayyana a 1978 da kuɗin mai suka ɗan ja baya aka ƙara wa ɗaliban jami'a kuɗin abinci da masauki, aka yi tarzomar nan ta Ali Must Go, ta neman a cire Ahmadu Ali mai riƙe da ma'aikatar ilimi ta tarayya, aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya. Zamanin Shagari gwamnatin tarayya ta zame hannunta daga biyan kuɗin firamare ta bar wa jihohi da ƙananan hukumomi, sai ga kasuwar mai ta rushe a 1981 zuwa 1982, aka shiga tsuke bakin aljihu, malamai suka yi watanni babu albashi, jihohi da dama suka dawo da kuɗin makaranta da sunaye iri-iri, iyaye suka fara janye yaransu. A 1986 ganga ta faɗo ƙasa da dala 15, Babangida ya kawo SAP, wato shirin sauya fasalin tattalin arziki, naira ta karye, a shekarar ce ma aka rusa hukumomin sayen amfanin gona. Tsarin 6-3-3-4 (shekara 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, 3 a babbar sakandare, 4 a jami'a) da aka fara a 1982 wanda aka ce zai koya wa yara sana'ar hannu a ƙaramar sakandare, an shigo da injinan kafinta da na walda daga Turai, da yawansu a cikin akwatuna suka lalace saboda babu wuta babu wanda ya iya koyar da su. Hukumar firamare ta ƙasa ma an kafa ta a 1988, an rushe a 1991, an sake kafawa a 1993, kullum rigimar ɗaya ce, wa zai biya malami.

Abu ɗaya da ya ɗore daga wancan zamani, kuma ba daga gwamnati tunanin ya fito ba, shi ne harajin ilimi. Bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ASUU na 1992 lokacin Attahiru Jega na shugabanta aka yi dokar 1993 da ta ɗora kashi 2 cikin 100 a kan ribar kamfanoni, shi ne ya zama TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a 2011, daga baya aka ɗaga harajin zuwa kashi 3. Shiga kowace jami'a ko kwalejin ilimi ta gwamnati ka duba gine-ginen za ka ga sunansa. Ka kwatanta da PTF, asusun ayyukan raya ƙasa da Abacha ya kafa bayan ƙarin kuɗin mai na 1994 ya ba Buhari shugabanci, ta gyara makarantu ta raba littattafai mutane sun gani a ƙasa, amma ana canza gwamnati a 1999 aka soke ta. Bambancin a fili yake, ɗaya doka ce mai mafitar kuɗi ta dindindin, ɗaya kuma tana rataye ne da mutumin da ke kan kujera. Shi ya sa da aka kawo ƙudurin gyaran haraji a 2024 da zai rage wa TETFund kaso har ya ƙare, malaman jami'a suka tashi tsaye.

UBE kuma, wato shirin ilimin matakin farko kyauta ga kowane yaro, a Sakkwato Obasanjo ya ƙaddamar da shi a Satumbar 1999, dokarsa ta fito a 2004, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar gwamnatin tarayya. An koyi darasi kaɗan, tunda an sa shi a doka. Sai dai kuɗin mafi yawa na gini ne da kujeru da littattafai, ba a biyan albashi da su, kuma sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta karɓa, shi ya sa kusan duk shekara hukumar UBEC mai kula da shirin ke kukan biliyoyin naira na jibge gwamnoni ba su zo sun ɗauka ba. Albashin malamin firamare kuwa daga kason ƙananan hukumomi ake cirewa, kason da ke zuwa daga Abuja, wanda shi ma ya dogara da mai. Da farashi ya faɗi a 2014 zuwa 2016 kowa ya gani, jihohi da dama suka kasa biyan ma'aikata sai da gwamnatin Buhari ta ba su bashin ceto. Makarantun almajirai sama da 150 da aka gina zamanin Jonathan, tun daga ta Gagi a Sakkwato a 2012, lokacin ganga na sama da dala 100, da yawansu an miƙa wa jihohi babu tanadin ciyarwa babu na malamai suka zama kufai. Shekara 40 bayan UPE kuskuren bai canza ba. Asusun rarar mai da aka buɗe a 2004 don irin wannan rana shi ma an yi ta rabawa har ya kusa ƙarewa.

Maƙwabtanmu ma sun taɓa. Gana ta fara babbar sakandare kyauta a 2017 tana ɗibar wani ɓangare daga kuɗin manta, shekara na zagayowa ɗalibai suka yi yawa sai da aka raba su gida biyu, wasu na aji wasu na hutu. Chadi ta yi doka a 1999 cewa kaso mafi girma na kuɗin manta zai tafi ilimi da lafiya da makamantansu, tana fara samun kuɗin aka sauya dokar har Bankin Duniya ya dakatar da ba ta rance a 2006.

Yanzu maganar ta dawo gida Arewa, kuma wannan ne ya fi tayar min da hankali. Ana ta murnar zinaren Zamfara da Kebbi da Neja, da litiyom na Nasarawa da Kaduna da kamfanonin Sin ke rububi, da rijiyar Kolmani da aka fara haƙa tsakanin Bauchi da Gombe a 2022. Amma kafin ko sisi ya shiga makaranta, ramin haƙar ya riga ya fara cin yaran. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara irin su Bagega saboda a cikin gidaje ake niƙa dutsen zinare, waɗanda suka rayu da yawa gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, an hana haƙa a jihar a 2019 saboda 'yan bindiga sai ƙarshen 2024 aka ɗage. A Nasarawa 'yan jarida sun nuna ƙananan yara na tsince dutsen litiyom a lokacin da ya kamata suna aji. Uban da ya ga malami bai zo ba kwana da kwanaki, ga rami ana biya a hannu kullum, ba sai an faɗa maka inda zai tura ɗansa ba. Wannan a ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yara miliyan 10 da rabi ba sa zuwa firamare kuma akasarinsu a Arewa suke.

A tsarin mulkin 1999 ma'adinai na gwamnatin tarayya ne, jihar da aka haƙo a cikinta kashi 13 cikin 100 take samu, shi ma sai in an biya haraji an rubuta, alhali yawancin zinaren ta ɓarauniyar hanya yake fita. Ni a ganina tun yanzu ya kamata majalisun jihohin nan su yi doka, kafin kuɗin su yi yawa a fara faɗa a kansu, cewa abin da ya shigo daga ma'adinai a tara shi a asusu a dinga cin ribarsa wajen horar da malamai da gyaran makarantun garuruwan da ake haƙar, albashi kuma a ɗora shi kan harajin da ake karɓa kullum, ciki har da na masu lasisin haƙar da dillalan da ke saye. Kuma a cire lasisin duk wanda aka samu yaro a raminsa.

Tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke karɓa ya ƙaru sosai a lissafin naira, Kotun Ƙoli kuma ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a dinga ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk da haka a 2025 malaman firamare na Abuja kanta sai da suka yi sama da wata uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 70.